Ƙanzon kurege daban, ƙarin gishiri daban

Wani mai karatu daga unguwar Birni a Damagaram ya aiko da tambaya. Ya ce a fadarsu ta shayi sun saurari labarin wani rikici a rediyo, sai ɗaya ya ce "ƙanzon kurege ne", wani ya ce "a'a, ƙarin gishiri dai". Malam, shin ba abu ɗaya suke nufi ba?

Ba ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Ƙanzo shi ne abin da ke kamawa a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo, wanda yara ke kankara da cokali suna rigima a kansa. To kurege yaushe ya ɗora tukunya, balle ya samu ƙanzo? Don haka labarin ƙanzon kurege shi ne wanda ba shi da tushe ko kaɗan, ƙirƙirarsa aka yi.

Gishiri kuwa sai da miya ake ƙara shi. Abin ya faru, amma mai ba da labari ya ga bai yi armashi ba. Rumfa biyu ta ƙone a Kasuwar Dole, kafin la'asar saƙon murya ya zagaye salula cewa kasuwa ta tashi ƙurmus. Wutar gaskiya ce, ƙurmus ɗin ne gishiri. Ni a ganina wannan ya fi wancan wuyar kamawa, domin in ka ƙaryata mutum sai ya nuna maka toka. Kuma kowa ya san miyar da gishiri ya yi wa yawa: ba a iya tsame shi, sai dai a zubar da ita duka. Haka mutane ke yi wa gidan rediyon da suka kama da zuzutawa sau biyu sau uku.

Wata baiwar Allah daga Zango kuma ta tambayi karin maganar da ta dace da kafar yaɗa labarai da ke karkata ga mai ba ta kuɗi. Hajiya, ga ta: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanzami ya karɓi lada tun kafin ya ga kan, ba shi da sauran zaɓi. A nan ba lallai a yi ƙarya ba. A faɗi rabin da ya yi wa mai gida daɗi, a haɗiye sauran. Zargin nan ana yi wa na gida da na waje, tun daga tashoshin gwamnati har BBC da ta fara Hausa a 1957, da RFI da aka dakatar a Nijar a watan Agustan 2023.

Af, zargin ma ba sabo ba ne. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 kwabo ɗaya ake sayar da ita, aka kuma raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da masu karatu ba su da shakka, da ba a buga rantsuwa a goshin jarida ba.