Amsa: Kwana biyu a Stockholm, ina za a kai iyali?

Malam, ka tambayi inda za ka kai iyali cikin kwana biyu a Stockholm, babban birnin Suwidin. Ka ba tsibirin Djurgården yini guda cur, taragon titi mai lamba 7 yana kai wa can. Fara da gidan tarihin Vasa da safe, kafin jama'a su cika. Vasa jirgin ruwan yaƙi ne da ya nutse a 1628 a fitarsa ta farko, saboda samansa ya yi nauyi, iska ta kifar da shi. An ɗago shi a 1961, kuma kusan duk katakonsa na asali ne. Wannan kam kada ya wuce ka. Skansen, wani gidan tarihi na fili, na kusa, ana zuwa da ƙafa. Tun 1891 ake tara tsofaffin gidajen karkara a wurin, ga dabbobi don yara.

Kashegari sai tsohon gari, Gamla Stan, da fadar sarki. Babban masallaci yana kusa da dandalin Medborgarplatsen.

Inda baƙi ke shan wuya shi ne kuɗi: wurare da dama ba sa karɓar tsaba, sai kati. In a Disamba za ku zo, rana na faɗuwa wajen ƙarfe 3, ku gama yawon waje da wuri.