Amsa ga Malama Hadiza: daga ina za a fara kallon finafinan Agnès Jaoui?

Malama Hadiza, kin tambaya ko Agnès Jaoui 'yar wasan barkwanci ce kawai, da kuma fim ɗin da ya kamata ki fara da shi. Gaskiya ta wuce haka nesa ba kusa ba. An haife ta a 1964 a Antony, kusa da Paris, kuma da rubutun wasan daɓe ta fara yin suna, ita da abokin aikinta Jean-Pierre Bacri, wanda ya rasu a 2021. Su biyun suka rubuta Un air de famille, wasan da Cédric Klapisch ya mayar fim a 1996.

Ni dai shawarata ki fara da Le Goût des autres na 2000, fim na farko da ta ba da umarni. Ya ci kyautar fim mafi kyau a César, wato babbar gasar finafinan Faransa, har ya shiga takarar Oscar. Bacri ya fito a matsayin mai masana'anta, ga kuɗi amma ba ruwansa da zane ko wasan kwaikwayo. Aka ja shi gidan wasa ba da son ransa ba, sai zuciyarsa ta kamu da 'yar wasan da ke koya masa Turanci. Har gashin bakinsa ya aske saboda ita. Wallahi wurin da abokanta 'yan boko suke masa dariya a teburin cin abinci, shi kuwa bai gane ba, ya taɓa ni sosai.

In kin gama, ki nemi fim ɗinta Comme une image na 2004, wanda ya ci kyautar rubutu a bikin Cannes.