Hukuma za ta iya daina amsa mana don mun cika naci?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu. Mun sha rubuta wa wata hukumar tarayya muna neman takardun kwangilar hanyar da aka fara aka watsar, ba amsa. Yanzu wani jami'i ya ce mun dame su, ba za su ƙara kula mu ba. Doka ta ba su wannan dama?

Amsa: Malam, ba ta ba su ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu, ba ta ƙayyade sau nawa ɗan ƙasa zai nemi bayani ba, kuma ba dole ne ka faɗi dalilinka ba. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa. In za ta ƙi, sai ta rubuto dalilinta daga cikin waɗanda dokar ta amince da su, kamar tsaron ƙasa ko sirrin wani mutum. Naci ba ya cikinsu.

Akwai ƙasashen da suka sa irin wannan takunkumi. A Birtaniya, sashe na 14 na dokarsu ta 2000 ya yarda a ƙi buƙatar da aka kawo don fitina kawai, da wadda aka maimaita ba tare da tazara ba. Amma a maganar maimaitawa akwai sharaɗi: sai in hukumar ta riga ta biya buƙatar farko. Ku kuwa ko sau ɗaya ba a amsa muku ba, to da wane baki za a ce kun yawaita? Gaskiya ne akwai masu cika ofis da takardu don neman na goro, sai dai yawancin naci daga shirun hukuma yake tasowa. Da suna wallafa bayanan kwangiloli da kansu, kamar yadda sashe na 2 ya wajabta, da ba ku rubuta ba tun farko.

Ku sake rubutawa sau ɗaya, ku faɗi sunan aikin, shekararsa da ainihin takardar da kuke so, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Wa'adi ya cika ba amsa, doka ta ɗauki hakan a matsayin ƙi, kuna da kwana 30 ku kai ƙara babbar kotu. In aka tabbatar an hana ku ba bisa ƙa'ida ba, tarar Naira 500,000 ce a kan jami'in ko hukumar.