Tambaya da Amsa: Yarona ya fasa salansa, wai ai ya biya kuɗin hayaƙi

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Aboabo nan Kumasi. Yarona yana da moto Boxer, ya kai wa wani fita a Suame Magazine an fasa mai salansa an cire abin ciki, yanzu tun yana Asawase nake jin tahowarshi ina ɗaki, maƙwabta sun kawo min ƙorafi sau biyu. Makon jiya an tare shi a hanya an riƙe moton kwana biyu. Shi kuma wai ai ya taɓa biyan kuɗin hayaƙi don haka ba mai ce mai komai, kuma wai ƙarar ce ke sa masu mota su san yana zuwa. Don Allah gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya shirya mana su. A gaskiya yaron naki ya haɗa abu biyu da ba su da dangi. Kuɗin hayaƙin nan haraji ne kawai, an fara karɓa a Fabrairun 2024, sidi 75 a shekara ga moto da pragya (moto mai ƙafa uku), kuma ma an soke shi a 2025 bayan Mahama ya dawo mulki. To rasidin harajin da ya riga ya mutu ne zai nuna wa ɗan sanda? Ko lokacin da ake biya bai taɓa zama izinin hana jama'a barci ba.

Abin da ake kama mutum da shi dokar hanya ce ta 2012, wadda ake kira L.I. 2180, abin hawa dole ya kasance da salansa mai aiki. Ita ma hukumar kare muhalli ta EPA ta sa ma'aunin ƙara a unguwar zama, desibel 55 da rana, 48 da dare, wato kusan hirar mutum biyu a tsakar gida. Moton da aka kwashe wa cikin salansa ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Zancen wai masu mota za su ji shi kuwa, na sha jin sa a bakin samari, musamman ranar Sallah da suke cika titi suna ɗaga ƙafar gaba. Ki ce ya je ya duba inda bakin salansar ke kallo, baya take kallo Hajiya, ƙarar tana bin waɗanda ya riga ya wuce ne, tsohuwa mai hawan jini da jaririn da aka sha wahala kafin ya yi barci, shi kuwa direban torotoro da ke gabanshi rediyo na tashi ɗan kwandasta na kiran fasinja ba zai ji komai ba sai ya zo daf da shi. Kunnen da ke shan ƙarar kullum nashi ne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Injin ma yana ji a jikinshi, don in ba a sake saita kafireto ba yakan yi zafi fiye da ƙima, wata rana bawul ya ƙone, ya koma wurin fitan nan ya sake biya.

Hayaƙin kuma ki lura da launinshi. Shuɗi, inji na cin baƙin mai ne, galibi ringi ya gaji. Baƙi, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai, duk wasiƙar nan ba ki ambaci hular kwano ba. Yana sawa? Yana ɗaure igiyar, ko a hannun moto yake rataye ta sai ya hango masu kaki? Duk wanda ya taɓa leƙa sashen haɗari na asibitin Komfo Anokye ya san me nake nufi. Ki tambaye shi lasisin tuƙin moto (aji A) na hukumar ba da lasisi DVLA, da inshora, da takardar lafiyar moto. In bakinshi ya fara rawa ki karɓi makullin ki ba kawunshi ya ajiye, sai ranar da aka mayar da salansar.