Me hoton X-ray ke nunawa a tsohon zane?

An tambaya ko da gaske ne ana ɗaukar tsoffin zane-zanen fenti hoton X-ray, kuma me ake gani a ciki. Da gaske ne, kuma dalilin yana cikin fentin kansa. Masu zane na Turai a da sun yawaita amfani da farin fenti mai dalma, wanda ke tare hasken X-ray kamar yadda ƙashi ke tare shi, saboda haka duk inda aka shafa shi da kauri yakan fito fari a hoton, ko da an lulluɓe shi da wani fenti daga baya. Ta haka masana ke gano inda mai zane ya sauya shawara, da wuraren da aka yi wa gyara.

A 2022, ma'aikatan gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Edinbura a Sikotilan sun ɗauki hoton X-ray na wani zanen kan mace baƙauyiya da Van Gogh, mai zane ɗan ƙasar Holan, ya yi a 1885, sai suka tarar da zanen fuskarsa da ya yi da kansa a bayan yadin zanen, ƙarƙashin kwali da gam. Sai dai hoton X-ray ba ya nuna launi, kuma yana haɗe dukkan shafe-shafen wuri guda, don haka fassara shi aikin ƙwararre ne.