Filin Tambaya da Amsa: Karanshaf Ya Ci Metal, a Yanka ko a Sayi Wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Aboabo, Kumasi, ina da tarakta Massey Ferguson 290 da ke huɗa a Ejura. Inji ya buga, aka sauke, aka tarar karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, ya ci metal, wato ɓawon ƙarfe mai laushi da wuyansa ke juyawa a ciki, a lamba 3. Wani masta a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce a yanka, wato a rage kaurin wuyan da dutsen inji, wani ya ce in sayi sabo. Wanne zan bi? Daga wani Alhaji mai noman masara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Kafin a yi maganar kuɗi, a fara auna ƙarfen, domin ido ba ya raba wannan gardama.

Abu na farko shi ne tsagewa. A wanke karanshaf tas, a kai shi inda ake gwaji da maganaɗisu ko da jan ruwan da ke shiga tsaga. In babu, fitoci suna da tsohuwar dabara: a jiƙa shi da kananzir, a goge, a shafa alli, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Inda ya tsage, kananzir zai fito ya zana layi a kan allin. A fi zuba ido a bakin ramukan mai da kuma kwanar da wuyan ya haɗu da kafaɗa, nan ne tsaga ke farawa. In an ga tsaga, komai ƙanƙantarta, magana ta ƙare, sai wani. Kada ku yarda a yi masa walda. Injin dizal yana dukan karanshaf da ƙarfi a kowane zagaye, kuma ranar da ya karye a gona yakan tafi da bulok, asarar ta ninka.

In bai tsage ba, sai maikuromita, na'urar auna kauri. Injin Perkins na wannan tarakta yana da wuyan men 5, inda karanshaf ke zaune a bulok, da na kwanrod 4, inda sandunan fistin ke kamawa, kuma dukkansu za a auna, kowanne a gefe biyu da kuma a giciye, don a ga ko ya zama ƙwai ko gefe ɗaya ya fi cinyewa. Bambancin da ya wuce wajen 0.04 na milimita yana nufin sabon metal kaɗai ba zai zauna ba. Ana yankawa mataki-mataki: 010, 020, 030, wato 0.25, 0.50 da 0.75 na milimita, kowanne da metal ɗinsa. Don haka ku tambaya ko an taɓa yanka shi. Lambar tana bayan tsohon metal. Wanda yake sitanda ko 010, kuma zanen bai yi zurfi ba, a yanka shi hankali kwance, sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Wanda ya riga ya kai 030, a haƙura. Haka kuma in wuyan lamba 3 ya yi shuɗi ko baƙi, zafi ya taɓa taurin ƙarfen, wataƙila ma ya lanƙwasa shi. A ɗora shi a kan mazauni, a juya da agogon awo a wuyan tsakiya.

Wurin yankan ma a zaɓa da kyau. Kwanar nan da muka ambata dole a bar ta da lanƙwasarta kamar yadda kamfani ya yi. Mai gaggawa yakan yanke ta ta zama kusurwa mai kaifi, karanshaf ya fito yana ƙyalli, bayan 'yan watanni ya karye daidai wurin. Wasu karanshaf ɗin kuma taurinsu a fatar sama kawai yake, in an yanka sai an sake taurara su. A sayi metal tukuna, a kai wa mai yanka ya yi aiki da shi. Bayan an gama, a bi ramukan mai da buroshi da iska har sai babu ɗigon garin dutse, don shi ke cinye sabon metal a makon farko.

In saye ya kama, ku tafi da lambar inji da tsohon karanshaf ɗin, ko a Suame ko a Abossey Okai ta Accra. Perkins na da iri biyu ta baya, mai sil na igiya da mai sil na roba, kuma ba sa shiga wa juna. Na hannu da ake kira hom yus shi ma a auna shi, a gwada tsaga kafin a biya.

Abin da ya fi damunmu, Alhaji, shi ne ba ku faɗi dalilin bugawar ba. Metal ba ya cinyewa haka kawai. A duba famfon mai da ragar da ke tsotso daga kwano, a duba ko dizal na sauka cikin baƙin mai ta nozul ko ƙaramin famfo, ko ruwa na shiga. Kwanrod na lamba 3 a auna bakinsa, in metal ya juya a ciki ya buɗe, a canza shi. Wajen haɗawa, ratar mai, wato tazarar da ke tsakanin metal da wuya, tana tsakanin 0.04 da 0.11 na milimita gwargwadon wuyan, littafin injin zai ba da daidai, kuma a ɗaure notuna da sifanar awo, ba da ƙarfin hannu ba.

Tambaya: Bayan an haɗa injin, yaushe zai koma huɗa? Daga wata Hajiya a Asawase.

Amsa: Hajiya, a shafa wa metal mai wajen haɗawa, a juya injin ba tare da ya tashi ba har fitilar mai ta mutu, sannan a tayar. Ya yi aiki mara nauyi tukuna, a canza baƙin mai da filta bayan awa 50. A kuma gargaɗi direba ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, domin hakan ke cinye washa, wato zoben ƙarfen da ke riƙe karanshaf daga gaba da baya.