Tambayi Likita: Yadda ƙwayoyin cuta ke tsallake tsami da gishiri

Tambaya: Likita, an ce tsamin da ke cikin tumbi yana kashe ƙwayoyin cuta. To me ya sa gurɓataccen abinci ke sa mu gudawa? (Wata uwa daga Funtua)

Amsa: Hajiya, yana kashe mafi yawansu, amma wasu suna da dabara. Akwai sinadaran da ake kira amino asid, su ne tubalan ginin furotin da ke cikin nama, wake da madara. Idan bakteriyar E. coli ko Shigella mai kawo atini ta faɗa cikin tsami, sai ta jawo ɗaya daga cikinsu, glutamet, ta sarrafa shi ta hanyar da ke shanye tsamin da ya kutsa jikinta. Ta fitar da sauran, ta jawo sabo, har ta isa hanji da ranta. Shi ya sa ƙwayar Shigella 10 zuwa 100 kaɗai kan kwantar da mutum. Ta kwalara ba ta jure tsami haka, sai an haɗiyi mai yawa. Wannan ne ke damuna da masu shan omeprazole, maganin gyambon ciki (olsa), kullum ba umarnin likita: suna rage tsamin da ke kare su.

Tambaya: Sana'ata kilishi. Gishiri da shanya ba su isa ba? (Wani mahauci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, suna taimakawa ƙwarai, domin gishiri na zuƙe ruwan jikin ƙwayar. Sai dai Staphylococcus aureus, wadda ke zama a hanci da fatar mutane, tana tara amino asid mai suna furolin a cikinta don riƙe ruwa, har tana hayayyafa a gishiri mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Dafin da take zubarwa kuwa gashi ba ya lalata shi, amai kan taso cikin awa 1 zuwa 6. Yaron da ke da ƙurji a yatsa kada ya taɓa nama ko labu har ya warke.

Tambaya: To in hana ɗana ƙwai da wake idan yana gudawa? (Wata mai shayarwa daga Zariya)

Amsa: A'a, don Allah kada ki hana shi. Jikinsa ya fi ƙwayar cutar buƙatar amino asid ɗin da ke cikinsu. Ki ci gaba da ba shi nono da abinci, da ruwan gishiri da sukari, da zinc na kwana 10 zuwa 14. In kin ga jini a bayan gidansa ko ya ƙi shan komai, ki kai shi asibiti a ranar.